Dare Huɗu a Kan Kogin Nilu da Lissafin da Muka Dawo da Shi

Muna jiran layi a ƙofar ruwa ta Esna, bayan la'asar, sai Hajiya ta ajiye kofin shayinta ta ce, "Alhaji, ni dai in so samu ne, duk shekara mu dawo." Ban amsa mata nan take ba. Na ce bari mu ga ƙarshen tafiyar tukuna. Amma maganar ta zauna mini, domin abin da zuciyata take ta raya mini ke nan tun da jirgin ya ɗaga daga Luksor, ina dannewa saboda na san abin da ke shiga asusuna a ƙarshen kowane wata.

A watan Janairun 2023 ne. Na yi ritaya a 2021 bayan shekara 35 ina aikin ban ruwa, mafi yawanta a filayen Kadawa da Kura inda ruwan madatsar Tiga yake shayar da shinkafa da alkama da tumatir. Kuma asalin zuwanmu Masar ba yawo ba ne. Idon Hajiya muka kai a duba a Alkahira, likita ya yi abin da zai yi, ya ce mu dawo bayan kwana 10. Babban ɗanmu da ya rako mu shi ya kawo shawarar. Ya ce, "Baba, maimakon ku zauna kuna biyan kuɗin masauki kuna kallon bango, ku sauka Luksor ku hau jirgin ruwa zuwa Aswan. Ni zan ɗauki rabin kuɗin." Na ja, na ja, har Hajiya ta sa baki. Duk shekarun da na yi ina hulɗa da ruwa, iyakata kwalekwale. Ban taɓa kwana a kansa ba.

Tafiyar awa ɗaya ce a jirgin sama daga Alkahira zuwa Luksor. Jirgin ruwan kuwa otal ne aka ɗora a kan kogi: hawa biyar, ɗakin cin abinci a ƙasa, ɗakunan kwana a tsakiya, can sama kuma fili ne da kujeru da rumfa. Saboda yawansu a bakin gaɓa, jerawa ake yi gefe da gefe, sai mutum ya ratsa ta cikin jirage uku ko huɗu kafin ya kai nasa. Ɗakinmu ba shi da girma amma tagarsa ta kusa kai faɗin bango, ruwa kuma yana nan ƙasa kaɗan da ita. Abin da na fara tambaya alƙibla ce. Ma'aikacin da ya kawo jakunkunanmu ya nuna mini gabas mai karkata zuwa kudu, ya ce idan jirgi ya tashi in riƙa tambaya, domin kogin yana lanƙwasa. Ya kawo mana dardumar salla biyu ba tare da mun nema ba.

Daren farko a Luksor aka kwana, jirgi bai motsa ba. Da yamma aka kai mu Karnak, wani katafaren haikali, wato wurin bautar Fir'aunoni na dā. Na sha ganin hotonsa, amma gani ya kori ji. Akwai wani zaure mai ginshiƙai 134, na tsakiyar sun haura mita 20, kowane ɗaya sai mutum kusan shida sun haɗa hannu kafin su zagaye shi. Hajiya ta tsaya ta ɗaga kai har gyalenta ya zame, abin da kawai take faɗa shi ne "Allahu Akbar, ina masu wannan ginin?" Daga nan muka wuce haikalin Luksor da magariba, inda masallacin Abul Hajjaj yake zaune a kan ginin Fir'aunan kansa, ƙofarsa ta dā tana can sama a bango saboda lokacin da aka gina shi ƙasa ta binne haikalin. Muna tsaye a gaban gumakan Fir'auna Ramsis aka kira salla a samanmu. Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba; na dai san ayar nan da ke umartar a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance, ban taɓa jin nauyinta kamar a wannan magaribar ba.

Washegari da asuba aka tsallaka da mu yammacin kogi zuwa Kwarin Sarakuna, inda aka binne Fir'aunoni, kuma a nan ne lissafin da nake son bayarwa ya fara, ko da yake a lokacin ban gane ba. Kaburburan fiye da 60 ne, an haƙa su cikin dutse, tikiti ɗaya yana ba mutum damar shiga uku. Na Fir'auna Tutankamun, wanda aka gano a 1922, kuɗinsa daban. Shiga ba wuya, gangarawa ce kawai a kan katako da matakala, bango hagu da dama cike da zane wanda launinsa bai dusashe ba bayan shekara 3,000. Fitowa ce aiki. Hajiya ta shiga na farko lafiya, na biyu ta fito tana dafa ƙarfen gefe tana tsayawa duk bayan taku goma, na uku ta ce in je ni kaɗai, ta samu inuwa ta zauna. Da na fito na tarar tana murza gwiwarta ta dama. Ta ce ba komai. Shekara 34 muna tare, na san ba komai ɗinta.

Da azahar jirgi ya tashi, ya nufi kudu yana saɓa wa ruwa. Wannan yinin shi ne ya sace mana zuciya, ba gine-ginen ba. Jirgin ba ya sauri, kamar tafiyar keke, babu girgiza ko kaɗan. Gaɓa biyu suna wucewa a hankali: gonakin rake da ayaba, dabino jere, yara suna ɗaga hannu, jaki da kayan ciyawa, balbela a bayan baƙaƙen shanun nan da suke kira jamusa. Bayan koren kuma, wani wurin bai fi tafiyar minti goma a ƙafa ba, sai rairayi da duwatsu, babu ko tsiro. Idon ma'aikacin ban ruwa ba ya ritaya. Ina ta lura da injinan ban ruwa a bakin gaɓa, da yadda suke yanka ƙananan magudanai, da yadda ba a barin ko taku ɗaya na ƙasa mai laima a banza. Na tuna filayen da na sani inda ruwa yake malala a kan hanya saboda an bar magudana ta toshe da kachala, raina ya sosu. Hajiya kuwa ta miƙe ƙafa a kan kujera, ba girki, ba baƙi, ba mai sallama a ƙofa. Rabon da in ga fuskarta a sake haka, na manta.

A Esna akwai madatsa a kan kogin, dole jirgi ya shiga wani dogon akwati na kankare, a rufe ƙofa a bayansa, a sako ruwa har ya ɗaga shi ya yi daidai da ruwan gaba, sannan a buɗe ya wuce. Biyu-biyu ake shiga, shi ya sa ake layi. Kafin layi ya zo kanmu sai ga 'yan kasuwa a ƙananan kwalekwale sun ɗaure a jikin jirgin, suna cillo jallabiya da mayafin tebur a cikin leda har hawa na biyar. In ka yi ciniki ka sa kuɗi a ledar ka jefa musu, in ba ka so ka mayar da kayan. A cikin wannan hayaniyar ce Hajiya ta yi maganar duk shekara.

A irin wannan jirgi tebur ɗaya ake ba ka tun daga ranar farko har ƙarshe. Mu shida ne a namu: mu biyu, da wani dattijo ɗan Malesiya da matarsa, da wasu tsofaffi mata da miji daga Jamus. Abincin bai ba mu wahala ba. Akwai shinkafa da kifi, akwai miyar lalo da suke kira mulukiya, da kuɓewa, da gurasa mai zafi, da safe kuma wake da wani abu mai kama da ƙosai. A daren nan na kawo maganar a tebur, na tambaye su sau nawa suke irin wannan tafiya.

Bajamushen ya ce su sau uku a shekara, tun da ya bar aiki shekara 14 da suka wuce. Sun yi kogin Danub, sun yi Rayin, sun yi tekun Bahar Rum ba adadi, wannan ne zuwansu Nilu na uku. Ban yi masa hassada ba, kuɗinsa ne kuma guminsa ne. Amma na lura da abu biyu. Yana ba da labarin wani gari da suka tsaya, sai matar ta ce a'a, ba a wannan tafiyar ba ce, a waccan ce. Suka yi ta ja har suka bar maganar ba su daidaita ba. Na biyu kuma, duk safiyar da aka fita da mu, matar ba ta sauka. Da sanda take tafiya, an yi mata aiki a ƙugu. Ta faɗa wa Hajiya, ni ina fassarawa, cewa zuwansu na farko ta shiga kowane kabari ta hau kowace matakala, yanzu kuwa kogin kawai take zuwa gani. Ba da baƙin ciki ta faɗa ba. Ta ce ta gode da ta zo lokacin da ƙafarta take ɗaukarta.

Ɗan Malesiyan, wanda tsohon malamin makaranta ne, ya ce su sai bayan shekara uku. Ya ce a ƙasarsu an saba da tara kuɗin aikin Hajji kaɗan-kaɗan a asusun Tabung Haji, wanda aka kafa tun 1963, har iyaye suna buɗe wa jarirai. Da suka sauke farali sai ya ci gaba da wannan ɗabi'a, ya buɗe wani asusu daban na tafiya, duk wata yana zuba abin da ya sawwaƙa. Ranar da ya cika su tashi, in bai cika ba su zauna. Bai taɓa cin bashi don yawo ba, bai taɓa taɓa kuɗin magani ba.

Na kwana ina juya maganganun nan biyu. Ɗaya ya nuna mini abin da yawan yi yake jawowa, ya kuma nuna mini abin da jinkiri yake jawowa. Ɗayan ya nuna mini hanyar da mai fansho zai bi bai ji kunya ba.

Edfu muka wayi gari. A keken doki ake kai mutane haikalin, wanda aka fara gininsa a shekara ta 237 kafin haihuwar Annabi Isa, aka ɗauki shekara 180 ana yi. Shi ne mafi cika a duk waɗanda muka gani, har rufinsa yana nan. Amma Kom Ombo ce ta fi tsaya mini, inda muka isa da yamma, haikalin yana bakin ruwa, daga jirgi sai ɗan taku. Mutane suka yi wajen kadojin da aka busar aka adana, ni kuwa ɗan jagora ya nuna mini wata rijiya mai matakala a gefe, na kasa barin wurin. Ma'aunin kogi ce. Da ita suke gane iyakar cikar ruwa a kowace shekara, daga nan su san yadda amfanin gona zai kasance, su yanka haraji daidai da shi. Shekarar da ruwa ya yi ƙasa a rage, shekarar da ya cika a ƙara. Aikin da na yi shekara 35 ina yi da sandar awo da littafi, ashe wasu sun yi shi a nan fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Na kira Hajiya na nuna mata. Ta leƙa ta ce, "To ai ka samu amsar tambayarka. A duba ruwa kafin a yanka." Ita ta faɗa, kuma a kan wannan muka gina duk abin da ya biyo baya.

A Aswan aka kai mu babbar madatsa. An fara ta a 1960, aka gama a 1970 da taimakon Tarayyar Sobiyet. Tsawonta ya kusa kilomita 4, tsayinta mita 111, tafkin da ta tara a bayanta kuma ya miƙe kimanin kilomita 500 har cikin Sudan. Tun daga lokacin ambaliyar shekara-shekara ta ƙare a Masar, aka samu lantarki da noma sau biyu ko uku a shekara, amma laka mai taki da ruwa yake kawowa gonaki ta tsaya a bayan madatsa, manoma suka koma takin zamani. Dubun dubatar Nubiyawa kuma, mutanen da ke zaune a bakin kogin a wannan yanki, aka tashe su daga garuruwansu, wasu aka kai su wajen Kom Ombo, na ɓangaren Sudan aka kai su Sabuwar Halfa. Wanda ya yi aiki a ƙarƙashin Tiga ya san wannan ciniki, ya san abin da masu fadama na ƙasa suke cewa game da ruwan da aka tare a sama. Na daɗe a tsaye a kan madatsar har direba ya yi mini hon.

Daga nan aka sa mu a ƙaramin jirgi mai inji zuwa haikalin Fila, wanda aka kwance dutse bayan dutse aka sake ginawa a wani tsibiri mafi tudu don kada ruwa ya cinye shi. Sauka daga wannan ƙaramin jirgi zuwa gaɓa sai da mutum biyu suka riƙe Hajiya. Da yamma muka shiga kasuwar Aswan, muka tarar da zoɓo tuli-tuli, da tsamiya, da goruba wadda suke jiƙawa su sha. Hajiya ta yi ciniki da 'yan kalmomin Larabcin Islamiyya, ta sayo zoɓo kilo biyu duk da na tuna mata cewa daga Jigawa ake loda shi a kai ƙasashen waje. Ta ce na tsaraba daban ne.

Abu ɗaya muka bari, Abu Simbel, haikalin Ramsis da aka sassaƙa a jikin dutse. Yana kudu da Aswan da kusan kilomita 280, motoci suna tashi wajen ƙarfe 4 na asuba, a yi awa uku da wani abu a hanya, a dawo a ranar. Na dubi gwiwar Hajiya da ta kumbura, na ce ba za mu ba. Ta so ta matsa, na ƙi. Ya yi mata ciwo, ni ma haka.

A daren ƙarshe muka hau sama mu biyu, da sanyin Janairu, kowa da bargo. Na ɗauko ɗan littafin da nake rubuta kashe-kashe, na haɗa komai tsakani da Allah kamar ba wanda ya taimaka mana: tikitin jirgin sama daga Kano, biza, jirgin cikin gida, kuɗin jirgin ruwan, kuɗin shiga wurare, da na goro da ake ba ma'aikata da direbobi, wanda a Masar ba ƙaramin abu ba ne. Ya kama fanshona na wata 14. Na nuna mata. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ashe duk shekara ba namu ba ne."

Na ce ba namu ba ne. Ko da kuɗin ya isa, ban so ya zama namu ba. Muna da auta a jami'a, muna da 'ya'yan ƙanina marigayi a hannunmu, ga gona, ga dangi da ba sa rasa biki ko rashin lafiya. Mai fansho a wurinmu ba shi kaɗai yake cin fanshonsa ba, wannan ne bambancinmu da Bajamushen nan, kuma ban ɗauke shi nauyi ba. Shi ne arzikinmu. Ban da haka, daɗin da muka ji a wannan tafiya, rabinsa daga rashin sabo ne. Ba na son ranar da zan zauna a gaban kogi irin wannan ina duba waya.

Amma kuma na ƙi abin da na san zai faru in muka bar maganar a "wata rana in Allah ya hore". Na ga abokan aikina da yawa da suka ce sai sun aurar da auta, sai sun gama ginin haya, sai abubuwa sun daidaita. Wasu sun rasu, Allah ya jiƙansu, wasu suna nan amma hawan jini ko ciwon suga ya zaunar da su, ko masallacin Juma'a sai an kai su a mota. A lokacin shekarata 61, Hajiya 55, gwiwarta kuma ta riga ta fara ba da sanarwa. In Allah ya ba mu rai da lafiya, shekarun da za mu iya hawa matakala da sauka daga kwalekwale ba su fi goma ba. Shekara uku-uku irin na malamin Malesiya zai ba mu tafiya uku ke nan. Na ga ya yi kaɗan.

Muka tsaya a kan sau ɗaya a shekara biyu, har in cika 70, daga nan mu sake duba ruwa. Muka sa sharuɗɗa, na rubuta su a littafin a gabanta. Kuɗin daga asusu na daban zai fito, wanda kuɗin hayar shagunanmu biyu da wani kaso na ribar noman rani za su riƙa shiga. Ranar da aka taɓa kuɗin makaranta ko na asibiti, tafiya ta faɗi. Ba za mu roƙi yara ba, in sun ba da don kansu mun gode. Shekarar da ba ta tafiya ba, in an samu sarari, ta Umra ce. Kuma wurare masu wahalar ƙafa su za mu fara yi, masu sauƙi mu bar wa tsufa. Hajiya ta ƙara nata, cewa kada tafiya ta wuce mako guda a kan ruwa, domin bayan haka hankalinta gida yake komawa.

Da muka dawo Kano ba a rasa magana ba. Wani ɗan'uwana ya ce mini a fili, "Yaya, kuɗin da za ka yi Umra da shi ka kai wa gumakan Fir'auna?" Ban ji haushi ba, domin tambaya ce ta gaskiya. Na ce masa mun sauke farali, muna zuwa Umra gwargwadon hali, kuma Alƙur'ani da ya hana almubazzaranci shi ne ya hana ƙwauro, ya yabi waɗanda suke tsakatsaki. Na ce masa matar da ta yi shekara 34 tana tashi kafin asuba saboda ni da 'ya'yana da baƙina, dare huɗu da wani zai dafa ya kawo mata ba ɓarna ba ne a wurina. Bai ce ya yarda ba, amma bai sake tayar da maganar ba.

Sai ga watan Yunin 2023, aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da muka saya wajen naira 750 a kasuwar canji lokacin tafiyarmu, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Fansho kuwa yana nan inda yake. Da mun ɗaure kanmu da duk shekara, da a shekarar farko alkawarin ya karye, kuma na san halin mutum: abin da ya karye sau ɗaya, ba a cika komawa kansa ba. Tazarar shekara biyun ce ta ba asusun damar numfashi. Na koma sayen dala kaɗan-kaɗan duk lokacin da kuɗin haya ya shigo, maimakon in jira sai tafiya ta zo, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Duk da haka sai da muka rage buri. Mun so mu haɗa da Iskandariyya, muka cire.

Shekarar jiran ma ba ta tafi a banza ba, wannan kuma ban zata ba. Hajiya ta dage da gashin gwiwa da motsa jikin da likita ya ba ta, tana zagaya unguwa bayan sallar asuba, abin da na yi shekaru ina fama ta yi ba ta yi ba. Da na tambaye ta, ta ce ba za a sake barin ta a inuwa ba.

A Janairun 2025 muka koma, wannan karon a kan tafkin Nasir, daga bayan madatsar Aswan zuwa kudu, dare huɗu. Tafiya ce daban da ta farko. Babu gonaki, babu yara masu ɗaga hannu, jiragen ma kaɗan ne. Ruwa ne shuɗi da duwatsu da hamada, da shirun da ban taɓa jin irinsa ba. Aka tsaya a Kalabsha da Wadi Sebuwa da Amada, duk gine-ginen da aka kwashe daga inda ruwa zai cinye su. A ƙarƙashin inda muke wucewa akwai garuruwan Nubiyawa da dabinansu da maƙabartunsu, wannan tunani bai bar ni ba har muka sauka. A rana ta ƙarshe jirgin ya zagayo wani lungu, sai ga Abu Simbel a gabanmu daga ruwa, gumaka huɗu a zaune, kowane mita 20. Tsakanin 1964 da 1968 aka yanka dutsen gunduwa-gunduwa fiye da 1,000, aka ɗaga shi mita 65 sama da inda yake. Daga inda jirgi ya tsaya akwai hawa mai ɗan tsawo. Hajiya ta hau da ƙafarta, sau ɗaya kawai ta tsaya, ta shiga haikalin babba da ƙarami duka.

Yanzu maganar ta uku muke. Babban ɗanmu yana ta kwaɗaita mana katafaren jirgin nan da Saudiyya ta ƙaddamar a Disambar 2024, mai tashi daga Jidda a Bahar Maliya, wanda ba a sayar da giya a cikinsa kuma akwai wurin salla. Ya so mu je tun bara, har ya ce zai biya. Na gode masa, na ce ya zuba abin da ya yi niyya a asusun, lokacinsa bai yi ba. Jirgi ne mai na'urar hawa bene, ba ya neman gwiwa, irin wanda muka ce za mu bar wa gaba. Amma Hajiya tana son ganin teku, kuma ana iya haɗa shi da Umra a tikitin jirgin sama ɗaya, wanda hakan ragi ne babba. Sai dai lokacin sai mun matsar da shi. Azumi yana matsowa da kwana 10 ko 11 duk shekara, na 2027 zai kama a farkon Fabrairu, kuma Hajiya ba ta barin gida a Sha'aban saboda shirye-shirye. Damina ta gona ce, bazara kuma zafin can bai yi wa masu shekarunmu ba. Saboda haka na buɗe littafin, a ƙarƙashin 2023 da 2025 na rubuta Disamba 2026, na sa in sha Allahu a gefe. Da na duba asusun a ƙarshen watan jiya, ya kai kashi biyu cikin uku.